Ɗaki Mai Kujera Ɗaya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni yadda maigidana Likita yake tun rasuwar 'yarmu Tsuntsuwa. Lafiyarsa lau, yana cire wa mutane haƙora kamar kullum. Ni ce dai ban san inda zan sa kaina ba. Ya kwashe kayan ɗakin yarinyar ya mayar da shi ɗakin jin kiɗa, wai bangonsa ya fi riƙe sauti. Ya shigo da sifiku biyu masu tsayin mutum, da wata na'ura mai ƙwayayen fitila da sai ta ɗau zafi kafin ta yi magana. Inda ta yi zane-zanenta a bango, ya liƙa soso.

Kujera ɗaya ce tak a ɗakin. Ya auna, ya manna salatif a ƙasa inda ƙafafunta za su tsaya. Na roƙe shi ya sa ta biyu. Ya yi mini bayani a tsanake, irin wanda yake yi wa masu ciwon haƙori, cewa sautin wuri ɗaya yake haɗuwa, kuma kan mutum ɗaya wurin yake ɗauka.

Ranar da aka kai ta makwancinta ko ƙwalla bai yi ba, ana ta yaba masa dauriya. Yanzu kuwa in na leƙa sai in gan shi yana kuka shaɓe-shaɓe saboda wani mai goge da bai taɓa gani ba. Yaya, kukan nan da rabona a ciki. Ni na haife ta. Abin da nake nema bai wuce mu zauna mu yi kukanta tare ba, ko sau ɗaya, in san har yanzu ina da miji.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya gida, ya yara? Na ji gwiwa ta lafa, Alhamdu lillahi.

Na bi shawararki, na yi haƙuri, na daina zancen kujera. Kin ce mahaƙurci mawadaci. To, ga wadatar da na samu.

Jiya da la'asar ya zo har kicin ya kira ni, yana rawar jiki. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya gyara mini kai da yatsu biyu, ya koma bayana ya tsaya. Gabana sai faɗuwa yake kamar amarya. Ya sa waƙar wata mata, ita da fiyano kawai. Wallahi sai ka ce tana tsaye a gabana. Kafin ta fara baiti na ji ta ja numfashi, ɗan gajere, da sauri, irin wanda Tsuntsuwa ke ja in za ta kwararo mini labarin makaranta. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na kira sunanta a cikin ɗakinta, abin da ban yi ba tun da ta tafi.

Sai ya zagayo ya durƙusa ya riƙe hannuna. Rabon da ya riƙe shi har na manta. Idanunsa sun ciko, na ce a raina yau Allah ya karɓi addu'ata. Na jira.

Ya ce, “Kin ji numfashin, ko? Wayoyin sifikun na canza. Da tsofaffin ba za ki taɓa jin sa ba.”

Na ce masa eh, na ji.

Ba mugu ba ne, Yaya. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ki sa a share mini ɗakin bayan nan naku, kuma don Allah kada ki sake ce mini in yi haƙuri. Na yi, ya ƙare.

Taki har kullum,
Auta