Sallama a ƙofar gida mai cin wuta

Laraba da dare

Yau na fita kashe gobara karon farko, bayan wata uku ana koya mana naɗe tiyo da hawan tsani. Warin hayaƙi bai bar hancina ba, amma na gode Allah.

A unguwar Kachalla Sembe ne, ɗakin girkin wani gida ya kama. Shugabanmu, Oga Bitrus, ya ba ni kan tiyo, ya ce in shige gaba. Na zo da gudu har zaure, sai na ga "Ba shiga" a bango. Ƙafata ta tsaya da kanta. Tun muna yara a Kona, Mama ta hana mu faɗawa gidan matan aure haka kawai. Sai ji na yi bakina yana rafka sallama, har sau biyu, hayaƙi na ta tashi.

Wata tsohuwa ta fito tana tari, ta fizgi rigata. "Kai ɗan nan, wutar da ta shigo, sallama ta yi? Wuce!"

Mun kashe ta kafin ta kai ɗakunan kwana. Ba wanda ya ƙone, sai buhun masara biyu.

A mota na ɗauka na rasa aikina ke nan. Sai da muka iso ofis Oga ya dube ni. "Mamarka ta yi tarbiyya," in ji shi. "Gobe ka bar tarbiyyar a gida, ka zo da wuri."

Gobe, ya ce. Ashe aikina yana nan.