Ƙafar Yaya Rilwanu

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Sati shida ke nan da fartanya ta sari Yaya Rilwanu a ƙafa a gonarsa ta Birchi. Ga suga a jikinsa. Kullum sai na buɗe kafso ja-da-rawaya na barbaɗa masa, ya sha biyu. Miki ya ƙi. Yau har wari.

Talata, 8 ga Yuli
'Yarsa Saudatu ta zo daga Dutsin-Ma, inda take aiki a lab, ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Ta dangwali mikin da auduga ta jefa a kwalba. Wai za ta shuka a faranti, ƙwayoyin cutar su tsiro a gane irinsu. Shekarata ashirin da biyu ina sayar da magani a kemis ɗina a Kurfi, yarinyar da na yanka wa ragon suna za ta koya mini magani! Na ji haushi, ban nuna ba.

Alhamis, 10 ga Yuli
A asibiti likita ya ce in mikin ya wuce idon sawu, ƙafar za a yanke. Ban iya cin tuwo ba.

Juma'a, 11 ga Yuli
Na je lab ɗin, don dai kar a ce. Saudatu ta nuna mini faranti, ƙwayoyin cutar sun rufe shi kamar yanar koko. A kai an ɗora 'yan takardu, kowace da maganinta. Wadda ke kashe su, sai ka ga fili kewaye da ita. Na tambayi mai ɗauke da maganin kafsona. Ta nuna da biro. Ba fili ko na ƙwayar gero.

"Baffa, ba sabawa suka yi da shi ba. Wannan jinsin tun asali ba ya jin sa. Ƙin da ya yi masa, da wancan na gefe, yana cikin abin da na gane sunansa da shi."

Ta faɗi sunan, na kasa riƙewa. Wato sati shida gari kawai nake zuba wa ɗan'uwana.

Laraba, 16 ga Yuli
An sa Yaya kan allurar da farantin ya nuna. Yatsu biyu sun tafi. Ƙafa tana nan, alhamdulillahi.

Laraba, 23 ga Yuli
Yaya na gaya wa 'yan dubiya ba don ɗawainiyata ba da ya rasa ƙafar. Saudatu na wurin, tana jinsa. Kunya ta ishe ni.

Da la'asar wata Huseina ta kawo ɗanta shago, kunne na ruwa wata guda, wai a ba ta kafso huɗu. Har na miƙa hannu zan ɗauko kafson, sai na fasa. Ban ce 'yar Yaya ta fi ni ba. Na dai yagi kwali na rubuta mata lambar Saudatu.