Bindiga Biyu da Hannuna Na Dama

Malam Zailani,

Don Allah ka fid da ni daga wannan ruɗani, kuma ka sakaya sunana. Ni sufeton ɗan sanda ne. Tun da kuɗin fetur ya zo ake sabunta mana komai, har aka turo mu Landan, ni da abokin aikina Bot, mu gwada ƙananan bindigogi iri biyu mu rubuta wadda za a saya wa mutum ɗari shida.

Ɗayar irin tamu ce ta da, harsashi takwas a jere layi ɗaya, siririya, ko a ƙarƙashin riga ba ta turowa. Sabuwar kuwa harsashinta layi biyu ne, goma sha biyar, don haka mariƙinta ya yi kauri. Duk wanda harsashi ya taɓa ƙare masa a gaban 'yan fashi ya san darajar bakwai ɗin nan. Bot, mai hannu kamar faranti, har murmushi yake idan ya ɗauke ta.

Ga abin da nake ɓoyewa. Yatsuna biyu na dama sun sandare tun wani rauni lokacin yaƙin basasa, ban gaya wa kowa ba. Tsohuwar tana zauna mini. Sabuwar in na damƙe ta, yatsana ba ya kai wa kunama sai na karkace hannu. In aka saye ta, gwajin harbi na baɗi zai tona ni, a sallame ni. Sau huɗu ina rubuta rahoton ina yabon tsohuwar, sau huɗu ina yagawa. Na kasa zama a flat ɗinmu na Plumstead, sai in hau bas zuwa Thamesmead in dawo, ba abin da ya kai ni. Ko tuwon da muke ci kwano ɗaya da Bot ba ya wuce mini. Tsoro nake ji, Malam. Ranar Litinin za mu yi submitting ɗin rahoton.

Naka,
Sufeto Mai Yawon Bas

Sufeto,

Sauka daga bas ɗin nan tukuna. Hujjarka ba ta banza ba ce: cikin mutum ɗari shida akwai masu ƙaramin hannu, kuma harsashi goma sha biyar ba sa amfanar wanda ya kasa saiti. Amma takwas ma suna ƙarewa, kai ka faɗa. Laifin shi ne ka auna wa jama'a da hannunka, ka ce binciken ne ya nuna.

Batun asiri kuwa, wata nawa Bot yana kallon yadda kake yanko loma? Ya sani, kara yake yi maka. Ka same shi kafin Litinin. Ku rubuta amfanin kowacce da aibinta, ku nemi a gwada mariƙin a hannun kurata manya da ƙanana kafin a saya. Sannan ka je wa shugabanka da maganar yatsun da bakinka, ka nemi likita ya duba tun kana can. Mai yiwuwa a mai da kai koyarwa, mai yiwuwa a sallame ka, ba zan rufe ka ba. Amma sallama da fansho ta fi ka je gaisuwar mutuwar kurtun da harsashi ya ƙare masa, kana sane da wanda ya zaɓa masa bindigar.

Allah ya ba ka lafiya, ya maido ku gida cikin aminci.