Ƙofar da Kotu Ta Ce a Toshe

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma'aikacin kotu ya kawo mini sammaci. Yaya ya koma kotu ya ce ban toshe ƙofar tsakiya ba. Ikon Allah! Wata huɗu da muka sa hannu a takardar sulhu: gidan Inna a raba biyu, shi gabas ni yamma, ni zan toshe ƙofar cikin kwana talatin. Na ɗauka shari'a ta mutu tun ranar.

Laraba, 5 ga Maris

Lauya ta ce, "Hajiya, sulhun da alƙali ya sa wa hannu hukunci ne. Kotu ba ta cire hannunta sai an cika." Wai har tsare ni za a iya yi don raina kotu. Ni, da furfurata!

Ban faɗa mata dalili ba. Ta yaya zan ce wa mai digiri kullum da la'asar ina jin jan takalmin Inna ta wannan ƙofa? Shekara biyu da rasuwarta. Ta nan take bi ta kai wa Yaya ruwan zafi, ƙafar hagu tana ɗan ja. In na toshe, ta wane ɓangare za ta tsaya?

Alhamis, 6 ga Maris

Na ji yau ma. Tsoro nake ji, kuma ba na so ya daina.

Talata, 18 ga Maris

Kotu. Yaya ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai dube ni ba, ni ma na ƙi. Alƙali ya ce, "Wani ya tilasta miki sa hannu?" Na ce a'a. "To kwana bakwai, kuma zan aiko a gani."

A bakin matakala na kasa haƙuri, na ce, "Yaya, me ƙofar nan ta tsare maka?" Sai da ya yi nisa ya juyo. "Ba ke kaɗai kike ji ba," in ji shi. "Ni na gaji."

Ashe shi ma yana jin takalmin, shi ya sa.

Asabar, 22 ga Maris

Magini ya zo. Bulo arba'in da biyu. Na zauna a kan turmi ina kallo har hasken ɓangaren Yaya ya ɓace. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Lahadi, 23 ga Maris

La'asar ta yi, ta wuce. Shiru.

Litinin, 24 ga Maris

Ma'aikacin kotu ya duba, ya rubuta, ya tafi. Magini ya kwaɓa siminti zai yi shafe, yake ce mini wai Yaya ya hana a shafe nasa gefen, ya ce a bar bulon haka, ko wata rana.

Na ce masa nawa ma ya bari, bayana ke ciwo, ba zan iya jiran aiki ba. Bayan ne kawai.