Shatin Yatsuna a Bayan Ummi

Yaya Talatu,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara da maigidan?

Yaya, hankalina a tashe yake. Ran Laraba na matse lemun tsamin zoɓon sayarwa, ban wanke hannu ba na ɗauki 'yata Ummi ba riga, muka sha rana a kasuwar Sabon Gari. Washegari bayanta ya yi bororo, ga shatin yatsuna. Likita a Samaru ya ce ruwan lemun ne, in rana ta same shi a fata yana ƙuna. Uwar mijina ta ce ƙona jikarta na yi, ta tafi da ita Cikaji. Ko yaye ta ban yi ba!

Ki kira uwar mijin nawa, tana jin maganarki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Baba. Hannuna ne, ban musa ba, amma ɗaukar 'yata na yi.

Ƙanwarki,
Ladi