Na Manne Shafukan Kuka, 'Yata Ta Ɓamɓare Su

Anti mai shawara, ina roƙon ki da ki taimake ni tun lamarin bai fi ƙarfina ba, domin na bi duk ƙa'idojin da masana suka rubuta, amma har yanzu ban ga haske ba.

Ni magidanci ne, shekaruna sun doshi hamsin. Ina aiki a wata maɗaba'a, a sashen ɗinki da manne littattafai. Mukan buga wa asibitoci ƙasidu, kuma duk wadda ta fito da tabon tawada nakan kai ta gida in nazarce ta. Ta haka na san hawan jini, na san illar zama kusa da talabijin, na kuma san lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Matata kan ce allura kawai likita ya fi ni, ni kuwa ina gode mata da wannan yabo.

Mahaifiyata ta rasu a farkon shekarar nan. A gidana take zaune, kuma autata mai shekara shida, wadda ta ci sunanta har muke kiranta Ummi, a ɗakinta take wuni. Tun bayan rasuwar Inna, yarinyar ta yi shiru. A da ina sallama za ta rugo ta rungume ƙafafuna ta laluba aljihuna. Yanzu daga nesa take gaishe ni, kamar baƙon da ya ɓata hanya. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ni kaina, alhamdulillahi, na jure. Ban zubar da ko ɗigon hawaye a gaban iyali ba, kamar yadda ya dace da uba. Takalman Inna suna nan a bakin ƙofarta, kuma ina goge su kowace safiya ne kawai saboda ƙura tana jawo tari.

Wata ƙasida ta ce littattafan labari masu hotuna suna taimaka wa yaro ya gane abin da ke zuciyarsa. Wata kuma ta ce a nisanta yaro daga abin da zai tayar masa da hankali. Da yake duka biyun masana ne suka rubuta, sai na haɗa su. Na sayo labarin wata 'yar giwa da kakarta ta mutu, na fara duba shi a wurin aiki. Sai na tarar tsakiyarsa kuka ne zalla, har uban, ƙaton giwa guda, ya durƙusa yana hawaye. A nan ma sai da na fita shan iska, saboda warin gam yana sa idona ruwa. Na dawo na manne shafukan, na danne su a injin matsi, na datse gefen. Aikin ya yi tsaf, ko maigidanmu ba zai gane ba. Labarin ya koma haka: kaka tana wasa da jikarta a bakin kogi, a juya shafi, kowa yana murmushi ana dasa bishiya, babu kaka.

Na karanta wa Ummi da yamma, na yi mata tambayoyin da ƙasida ta tsara, ta ce ba komai. Daga baya ta tambayi mahaifiyarta ko in ita ma ta ɓace haka za a ci gaba da murmushi. Na bayyana wa matata cewa yawan tambaya alamar ci gaba ce. Ta dube ni, ta ci gaba da wankinta.

Jiya na buɗe jakata a wurin aiki na iske littafin a ciki. An ɓamɓare shafukan da haƙorin mataji, gefen duk ya yage, kuma a shafin da uban giwa ke kuka an zana masa tabarau irin nawa. Anti, shin wannan farkon ɗabi'ar ɓarna ce? Akwai littafin da ke magance ta? In akwai, waɗanne shafuka ya kamata in manne? Ni dai burina yarinyar nan ta sake rugowa gare ni.

Naki cikin girmamawa,
Mai Ɗinkin Littafi

Malam Mai Ɗinki,

Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri. Ban ga laifinka a karatun ƙasidu ba, kuma littafin da ka zaɓa ya dace. Uban da ya lura 'yarsa ta daina laluba aljihunsa ba uban banza ba ne. Sai dai garin neman gira ka kusa rasa ido. Gaskiya ne ana kare yaro daga abin tsoro, amma mutuwar kakarta ba a littafi ta same ta ba, a gida ta same ta. Shafukan da ka manne su ne gadar labarin. Ka cire gada, ka ce yarinya ta haye kogi.

Abin da Ummi ta koya a littafinka, ta kuma gani a fuskarka, shi ne mutum kan ɓace ba wanda ya damu. Shi ya sa take gaishe ka daga nesa.

Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka gyara littafin, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Ka ɗora ta a cinya ka karanta shi duka, ba tambayoyi. Ka gaya mata a fili cewa Inna rasuwa ta yi, kuma kana kewarta. In warin gam ya biyo ka har gida, kada ka fita shan iska, ka bari ta gani. Gobe da safe ka ba ta takalmi ɗaya ku goge tare. Ka kuma saurari matarka, da alama ta daɗe da gama wannan karatun. In shirun ya ƙi ƙarewa, ko ya taɓa cinta da barcinta, ku je wurin likita, mai allurar.

Batun sabon littafi kuwa, ka huta. Ummi ta riga ta zaɓa maka naka, har ta sa maka tabarau don kada ka ce ba ka gani ba. Allah ya sanyaya zukatanku, ya dawo maka da mai laluben aljihu.

Antinku