Ɓarinki Huɗu, da Sugan da Aka Gano a Jinina

Zuwa ga Yayata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ƙanwarki ce Binta, daga Malumfashi.

Yaya, na haihu. Mace ce, yau kwananta goma sha biyu.

Tun da na zo gida wankan jego nake tuna zamana a gidanki na Maska. Kina bakin murhu kina jefa mana ɗanwake, ga moɗar ruwa kusa da ke, ki sha ki ƙara, ƙishin bai tafi ba. In kin fito daga makewayi sai kiyashi ya taru inda kika yi fitsari, mu yi ta dariya. Ɓari huɗu kika yi. Aka ce iska ce, har Gwaggo ta kai ki wurin wata tsohuwa Bamaguja a bayan Dayi. Ke dai sai ki ce, “Abin da bai zauna ba, ba rabona ba ne.”

Ni ma sau biyu na yi ɓari, kafin a auna jinina a asibitin Funtuwa a ga suga ya hau. Likitar ta zaunar da ni. Ta ce kowane wata shimfiɗar cikin mahaifa takan sauya don ta karɓi ciki. A cikin ƙwayoyinta akwai umarnin halitta da muka gada, wasu a rufe suke sai lokacinsu ya yi, kuma sugan jini na cikin abin da ke buɗe su. In ya yi kaɗan ba sa buɗewa sosai, in ya yi yawa aikin ya rikice. Da na ba ta labarinki, ta ce har yanzu ana bincike, ba za ta rantse suga ne sanadin naki ɓarin ba.

Na bar mazarƙwaila da lemon kwalba, na rage tuwo, na riƙe magani. Da ikon Allah wannan cikin ya zauna.

Ranar suna mijinki Malam Sani ya zo a babur da buhun masara. Ya tsufa, Yaya, gemun duk furfura. Na faɗa masa abin da likita ta ce. Ya daɗe yana kallon jaririyar, sannan ya ce shi ne ke sayo miki rake duk ranar kasuwa, don kina so. Ya ce in ba shi ita. Bai maido mini ba sai da aka kira la'asar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da 'ya'yanki huɗu a Aljanna.

Taki har kullum,
Binta